Wa Zai Fara, Wa Zai Jira a Benci? Jagora ga Mai Horar da Matasan Ƙwallon Kwando

Tun kafin motarmu ta kai mararrabar Mayanci gardama ta kaure. Daga Gusau muka taso, mun sha kashi a wasan sada zumunci, mun kama hanyar Anka da sauran rana kamar yadda kowa ke yi a wannan hanya yanzu. Yaran sun rabu gida biyu. Wasu na cewa tsawo aka fi mu, a nemo wani dogon a ƙara. Wasu na cewa ai dogayen ne suka jawo mana, sun cunkushe ƙarƙashin kwando har ba wanda ya sami ƙofar shiga. Muka wuce Anka, muka wuce Daki Takwas, ba wanda ya sauko daga kan bakansa.

Ni da nake kocinsu ban ce uffan ba, domin na san inda gizo ke saƙar. Ni na rubuta sunayen biyar ɗin da suka fara wasan, kuma da ido na zaɓe su. Na ɗauki dogayena biyu, na haɗa su da yara uku da suka fi kowa iya yanka, ban tsaya na tambayi kaina wa zai jefa daga nesa ta shiga ba. Abokan karawarmu ba su yi minti uku ba suka gano mu. Suka ja da baya su biyar, suka yi wa kwandonsu zobe, suka bar mana waje fetal. Muka yi ta jifa, ƙwallo tana dawo mana kamar mun jefi bango.

Wannan gardama ba a motarmu ta fara ba. Ana yin ta a rufaffen ɗakin wasa na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, gidan Kano Pillars. Ana yin ta a Gombe da Bauchi da Jos da Minna, inda ƙungiyoyin rukunin Savannah na babbar gasar ƙasa suke. Ana yin ta a Amurka, inda ake biyan mutane albashi don su yi ta kawai. Abin da na rubuta nan na rubuta shi ne saboda malamin wasanni da kocin matasa a Anka da Gummi da Bukkuyum, wanda yake da yara goma sha biyu, wuraren farawa biyar, da burin wata rana ya ga ɗaya daga cikinsu sanye da rigar ƙungiyar ƙwararru.

Fara da auna filinka

Kafin a yi maganar mutane, a ɗauko tef. Fili a dokar FIBA, hukumar wasan ta duniya, tsawonsa mita 28 ne, faɗinsa 15. Bakin kwando yana mita 3.05 daga ƙasa. Layin maki uku kuwa yana mita 6.75 daga tsakiyar kwando, sai a kusurwoyi biyu inda ya ɗan matso zuwa 6.60. Kafin 2010 layin yana 6.25 ne, saboda haka idan filin makarantarku tsohon zane ne, da wuya ba tsohon layi kuke takawa ba. Rabin mita ba wasa ba ne ga hannun yaro ɗan shekara goma sha bakwai. Na ga yaron da ake yi wa kirari a gida, ya je filin da aka zana daidai, duk jifansa ya riƙa tsayawa a gaban ƙarfe.

Gyaran ba tsada. Rataya igiya mai dutse daga tsakiyar zoben kwando, ka yi alama inda dutsen ya nuna a ƙasa. Wani ya danne bakin igiya a nan, kai ka auna 6.75 ka ɗaura alli, ka zagaya. A gefe biyu ka ja layi miƙe, santimita 90 daga layin gefe. Ka bi da fenti. Idan ƙarfen kwandon ya sunkuya saboda yara suna lilo da shi, kai wa mai walda ya miƙe shi, ka sa masa raga ko ta igiyar leda ce. Ido yana buƙatar abin da zai kama.

Yanzu tsaya a tsakiyar fili ka dubi ɗan akwatin nan na ƙarƙashin kwando: faɗinsa mita 4.9, tsawonsa 5.8. Nan ne maki ya fi arha, kuma nan ne kowa yake so ya shiga. Duk sirrin zaɓen biyar ɗin farko yana cikin tambaya ɗaya: me zai hana masu tsaro biyar su tare a cikin akwatin nan su jira ka? Amsar ita ce tsoron maharbi. Mai tsaro ba ya fita waje don Allah, sai ya ga wanda yake tsaye can zai cuce shi idan ya ƙyale shi.

Aiki biyar, ba gwanaye biyar ba

Wanda ya taɓa yin langa ya san ba kowa ke zama ruwa ba. Dole a sami masu tare hanya, masu kai bangaza, su buɗe wa ruwa ya je ya sha. Haka ma ƙwallon kwando. Kada ka fara da rubuta sunaye. Rubuta ayyuka tukuna, sannan ka nemi wanda zai cika kowanne.

Akwai madugu, mai ɗauko ƙwallo daga baya ya tsallaka da ita rabin fili cikin daƙiƙa 8 da doka ta bayar, ya tsara hari kafin daƙiƙa 24 su cika. Abin da ake nema gare shi shi ne kada ya zubar da ƙwallo, kuma kansa ya kasance a ɗage yana kallon 'yan'uwansa. Yaron da ya iya yanka amma idonsa yana ƙasa bai zama madugu ba tukuna. Akwai dogo, mai gadin kwando, mai cafe ƙwallon da ta daki ƙarfe ta dawo, abin da yara ke ce wa ribawun. Akwai ƙarfen ƙafa, wanda za ka ce wa “riƙe mini gwaninsu” ya manne masa kamar kaska har a tashi. Akwai mai kutsawa, wanda idan lokaci ya kusa ƙarewa za a miƙa masa a ce ya san yadda zai yi. Sannan akwai maharbi.

Mutum ɗaya yana iya ɗaukar aiki biyu, kuma a nan ne arzikin ƙungiya yake. Madugun da ya iya harbi ya fi zinariya. Mai tsaron da ya iya tsayawa a kusurwa ya jefa ta shiga, kowace ƙungiya a duniya nemansa take. Amma kada aiki ɗaya ya tara mutum uku alhali wani aikin ba kowa. Ƙwallo ɗaya ce a fili. Masu kutsawa uku a lokaci guda, biyu daga cikinsu 'yan kallo ne, kuma masu tsaronsu sun sami hutu sun koma taya gadin kwando. Kuskurena na Gusau ke nan.

Ƙa'idata, wadda na ɗauka bayan na sha wuya: kada biyar ɗin farko su rasa maharba biyu na gaskiya, kuma kada su ƙunshi fiye da mutum ɗaya da ba ya jifa ko kaɗan daga waje. Maharbi ɗaya bai isa ba, domin mutum ɗaya za su sa masa ya bi shi har bakin benci, sauran huɗun su ci gaba da zamansu a ciki. Idan biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagu, tsaro ya yage.

Littafi da biro

To wane ne maharbi na gaskiya? A nan ne gardama ta fi zafi, kuma a nan ne ido ya fi yin ƙarya. Ido yana tuna jifan da ya shiga daga nesa aka yi sowa, ya manta guda shida da suka ɓace kafinsa. Ido yana son yaro mai salo. Maganin ido shi ne littafi mai shafi arba'in da biro.

Ga yadda nake yi. Wuri biyar a kan layin maki uku: kusurwar dama, kafaɗar dama, tsakiya, kafaɗar hagu, kusurwar hagu. Kowane yaro jifa goma a kowane wuri, hamsin ke nan a rana. Wani ne zai ba shi fasin ya cafe ya jefa, ba shi zai tsaya yana buga ƙwallo yana gyara tsayuwa ba, domin a wasa ba mai ba shi wannan lokacin. Kuma a ƙarshen atisaye ake yi, bayan an yi gudu ƙafa ta yi nauyi. Kwana goma a jere, kowa ya tara jifa 500. Jifa ashirin ba sa faɗin komai, sa'a tana iya ɗaukar kowa. Ɗari biyar ba sa ƙarya. Rubuta kowane wuri daban, domin za ka tarar da yaron da ba ya kuskure a kusurwar hagu amma a tsakiya ba ya ganin kwando. Wannan ba aibi ba ne, ka dai san inda za ka tsayar da shi.

Ma'aunina shi ne, wanda bai ci rabi ba a atisaye, ba mai tsaro a gabansa, bai kai a ba shi izinin jifa yadda ya ga dama a wasa ba. Domin ranar wasa, da hannu a fuskarsa da ihun 'yan kallo a kunnensa, adadin zai faɗi sosai.

Haɗa da jifan kyauta, wanda ake ba wanda aka yi wa laifi. Ashirin a rana. Masu farautar 'yan wasa a manyan ƙungiyoyi sun daɗe da lura cewa wannan jifa yana tona asirin hannu: yaron da ke cin bakwai ko takwas cikin goma a nan, ko da bai kai layin maki uku ba yau, ƙarfi kawai yake jira. Wanda ke cin huɗu kuwa, ko ya burge ka daga nesa wata rana, kada ka gina gida a kansa.

Sai ɗan lissafi, wanda ya kamata kowane yaro ya haddace. A ce an jefa 100 na maki biyu, 45 sun shiga: maki 90. A ce an jefa 100 na maki uku, 33 sun shiga: maki 99. Wato mai cin ɗaya cikin uku daga nesa daidai yake da mai cin rabi daga kusa. Amma idan 25 ne suka shiga, maki 75 ne kacal, ga kuma ƙarin hasara: jifan nesa da ya daki ƙarfe nesa yake faɗawa, sau da yawa a hannun abokan hamayya, su ruga su ci ka kafin ka juyo. Saboda haka layin maki uku riba ne ga wanda ya iya, bashi ne ga wanda yake kwaikwayon abin da ya gani a waya.

Littafin yana da wani amfani da ban zata ba sai da na fara. Yana kare koci daga alfarma. Ƙungiya ba ta rasa ɗan wane, ko ƙanen wanda ya sayo riguna. Idan babba ya taka ya zo ya ce, “Malam, yaya yaron nan nawa ba ya farawa?” ba sai ka yi ta kame-kame ba. Ka gaishe shi da ladabi, ka buɗe shafi, ku duba tare. Yawancin dattawa idan suka ga adadi a rubuce sukan gyaɗa kai, wasu ma su koma gida su ce wa yaron ya ƙara himma.

Darasi daga wasa biyu

Duk wanda ke shakkar abin da jifan nesa ke yi, ya dubi ƙungiyar ƙasarmu, D'Tigers. A gasar Olamfik ta Landan a 2012, Amurka ta lallasa Najeriya da ci 156 da 73. A daren nan Amurkawa sun jefa na maki uku guda 29, Carmelo Anthony shi kaɗai ya ci goma. Lissafa: 29 sau uku, 87. Abin da suka ci daga bayan layi kawai ya ɗara duk makin Najeriya.

Shekara tara bayan haka, ranar 10 ga Yulin 2021, aka sake haɗuwa a Las Vegas a wasan share fage na Olamfik ɗin Tokyo. Najeriya, ƙarƙashin koci Mike Brown, ta ci 90 da 87, karo na farko da wata ƙasar Afirka ta doke Amurka a wannan mataki. Ba tsawo muka fi su ba, ba suna ba. Taurarin Amurka Kevin Durant da Damian Lillard suna cikin fili. Na maki uku guda 20 'yan Najeriya suka zuba, wato maki 60 cikin 90, Gabe Nnamdi Vincent yana kan gaba da maki 21. Makamin da aka yanka mu da shi a Landan, shi muka ɗauka muka rama. Ko kofin Afirka da muka ɗauka a Tunisiya a 2015, lokacin da muka doke Angola a wasan ƙarshe, gwarzon gasar Chamberlain Oguchi ne, wanda aka san shi da harbin nesa.

Kujera ta biyar

Yawanci mutum huɗu ba a gardama a kansu. Rigimar tana kan na biyar, kuma kusan kullum fuska ɗaya take zuwa da ita: dogo na biyu, ko gajeren maharbi?

Masu son dogo suna da hujja, kada a raina ta. A filayenmu jifa da yawa ba sa shiga, saboda haka ƙwallon da ke dawowa daga ƙarfe tana da yawa, kuma mai tsawo ne ke kwashe ta. Duk wadda ka cafe a kwandon abokan hamayya, doka ta sake ba ka daƙiƙa 14, hari na biyu kyauta. Ƙungiyar da ke da dogaye biyu tana iya cin wasa da wannan kaɗai, musamman a matakin makarantu.

Amma tsaya ka kalli abin da ke faruwa idan madugunka ya yanke mai tsaronsa ya nufi kwando. Dogonka na farko yana tsaye hagu da mai tsaronsa. Dogonka na biyu yana tsaye dama da nasa. Mutum huɗu manya a cikin ɗan akwatin nan, shi na biyar, wanda ya yanka yana biye da shi na shida. Ina zai bi? Yanzu cire dogo na biyu ka sa maharbi a kusurwa. Mai tsaronsa ya shiga tsaka mai wuya. Idan ya zo taimako, madugu ya miƙa wa na kusurwa, maki uku. Idan ya tsaya, madugu ya wuce ya ajiye ta a kwando. Maharbin nan ko bai taɓa ƙwallo ba ya yi aiki, tsayuwarsa kaɗai ta janye mutum ɗaya daga hanya. Wannan aiki ba ya fita a takardar maki, shi ya sa 'yan kallo ba sa ganinsa.

A wasannin ƙarshe na gasar NBA ta Amurka a 2015, Cleveland tana gaban Golden State da wasa biyu da ɗaya. Kocin Golden State, Steve Kerr, ya zaunar da dogonsa Andrew Bogut, mai tsawon mita 2.13, ya sa Andre Iguodala, wanda bai fara ko wasa ɗaya ba a duk kakar. Draymond Green, da bai fi mita biyu ba, shi ya koma gadin kwando. Suka ci wasa uku a jere suka ɗauki kofi, aka ba Iguodala gwarzon wasannin ƙarshe.

Hukuncina: idan ɗaya daga cikin dogayenka yana iya jefawa daga mita huɗu ko biyar ta shiga, kuma ƙafarsa tana da saurin da zai bi ƙaramin ɗan wasa a waje, fara da su biyu. Idan duk biyun 'yan ƙarƙashin kwando ne, raba su. Ɗaya ya fara, ɗaya ya karɓe shi. Akwai ƙarin riba a nan: laifi biyar ke fitar da ɗan wasa a dokar FIBA, kuma dogayen matasa ba su da haƙuri, duk abin da ya tashi sai sun kai masa duka. Idan ka fara da su tare, kana iya wayar gari kafin hutun rabin lokaci kowanne yana da laifi uku, ba ka da na ajiya.

Sharaɗi ɗaya ne a kan maharbin: dole a iya ɓoye shi a tsaro. Biyar ɗin farko suna iya ɗaukar raggon tsaro ɗaya, a ba shi wanda ya fi rauni a cikin abokan hamayya. Biyu sun yi yawa. Wanda ya ci maka tara aka ci goma sha biyu ta kansa, asara ya jawo.

Kada ka yanke hukuncin a kan takarda kaɗai. Gwada. A atisaye, haɗa biyar ɗin da kake tunani su kara da sauran na minti biyar, sauran su yi tsaron yanki, wato kowa ya tsare wuri maimakon mutum. Canza mutum ɗaya kawai, a sake minti biyar. Rubuta makin da aka ci da wanda aka ba da. Maimaita kwana da kwanaki. Wani haɗin da ba ka taɓa kawowa a ranka ba zai riƙa fitowa a sama, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Yadda ake gaya wa yaro

Wannan ya fi duk lissafin wuya. Ranar da na yanke shawarar raba dogayena, na kira wanda zai koma benci gefe, bayan kowa ya watse, muka zauna a gindin bishiyar dogon yaro. Kada ka taɓa bari yaro ya ji wannan labari a gaban 'yan'uwansa. Ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar takalminsa, can ya ce, “Malam, mi niy yi? Ko wani laihi na yi?”

Na ce, “Ba ka yi komai ba, ɗana. Wasa minti 40 ne, wuri biyar, minti 200 ke nan ake rabawa. Naka ba zai ragu ba. Zan sa ka lokacin da dogonsu ya gaji, kai kuma kana da ƙarfinka.” Na buɗe masa littafin, na nuna masa abin da muke ci idan suna tare da abin da muke ci idan an raba su. Sannan na ba shi aiki: jifa hamsin kullum daga gefen layin jifan kyauta. Na ce ranar da adadin ya kai inda muka yi alkawari, za mu sake zama.

Na kuma ba shi labarin Toronto. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya ya koyi wasan a hannun koci Oliver Johnson, shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ɗauki kofin NBA a 2019. A wasan da suka ɗauki kofin, Fred VanVleet daga benci ya taso, ɗan gajere da ba ƙungiyar da ta zaɓe shi a shekarar da ya fito, ya ci maki 22, kuma yana cikin fili a mintunan ƙarshe. Waɗanda suka fara daban, waɗanda ake rufewa da su daban, kuma yaro mai hankali na biyun yake nema.

Alkawarin da ka yi kuwa ka cika shi. Idan ka ce minti ashirin ka ba shi takwas, ka rasa yaron, kuma sauran suna kallo.

Bayan ka tsai da biyar ɗinka, ba su lokaci. Ƙungiyar matasa ba ta san juna a wasa ɗaya. Madugu yana buƙatar ya san inda maharbinsa ke son ƙwallo, a ƙirji ko a kafaɗa. Ni nakan ba haɗi wasa biyar kafin in taɓa shi, sai dai rauni ko rashin ɗa'a. Kocin da ke canza biyar ɗinsa duk lokacin da aka yi masa surutu a teburin mai shayi, yaransa da tsoro suke wasa, kuma hannun da ke tsoron benci ba ya jifa daidai. Ga ƙungiyar ƙwararru mai ɗan kuɗin ɗauko mutum ɗaya, shawarar ɗaya ce: kada a sayo wanda ya fi kowa maki a tsohuwar ƙungiyarsa don sunansa, a sayo wanda zai cike aikin da ba kowa. Matakin da Kano Pillars ta taka, har ta zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka a Alƙahira a 2016, ko wanda Rivers Hoopers ta kai da ta zo ta uku a gasar BAL ta ƙungiyoyin Afirka a 2024, mataki ne da ake nazarin abokin karawa a bidiyo tun kafin a haɗu. Duk wanda bai iya jifa ba, an san shi, kuma za a ƙyale shi a waje da gangan.

Idan ba ka da maharbi ko ɗaya

Sai ka ƙera. Tsawo kyautar Allah ne, ba kocin da zai ƙara wa yaro taƙi ɗaya. Harbi kuwa sana'a ce, ana koyonta kamar ƙira. Zaɓi yara uku da suka fi cin jifan kyauta. Fara da su taku ɗaya daga kwando, hannu ɗaya, gwiwar hannu a ƙarƙashin ƙwallo, ɗaya hannun rakiya kawai yake yi. Ƙarfin daga ƙafa yake tasowa. A ƙarshen jifa wuyan hannu ya lanƙwashe ya tsaya a sama, kamar mai laluben ƙwarya a ragaya. Ƙwallo ta tashi ta yi baka. Faɗin zoben santimita 45 ne, ya kusa ɗaukar ƙwallo biyu, amma wadda ta zo a miƙe ƙaramar ƙofa take gani, wadda ta sauko daga sama ce ke samun faɗin duka. Ba ja da baya sai an ci takwas cikin goma. Yaro zai ƙosa, yana so ya ruga layin maki uku ya yi irin na Stephen Curry. Hana shi. Wanda ya fara daga nesa kafin ƙarfinsa ya kai, da kafaɗa zai koyi tura ƙwallo, kuma gyara wannan ya fi koyarwa daga farko wuya.

Yanayinmu ma sai an yi dabara da shi. Da hunturu iska tana karkatar da jifan nesa a buɗaɗɗen fili, don haka ƙidayar littafi da sassafe nake yin ta, bayan sallar asuba, kafin iska ta tashi. A share ƙura daga siminti kafin a fara, domin ƙafar da ke zamewa ba ta ba hannu daidaito. Yatsun da suka tsage a shafa musu man kaɗanya da dare, ba dab da wasa ba.

Bayan 'yan watanni muka sake karawa da mutanen nan da suka yi mana zobe. Na fara da dogo ɗaya, na tsayar da wani ɗan siririn yaro daga Bukkuyum a kusurwar hagu, wurin da littafi ya nuna ya fi ci. Suka koma zobensu kamar da. Jifansa na farko ya daki ƙarfe. Na biyu ma haka. Ya waiwayo ya dubi benci, na ɗaga masa hannu na ce, “Jefa, kada ka tsaya!” Na uku ya shiga, na huɗu ya bi shi. Sai na ga mai tsaronsu na wannan gefen ya waiga ya dubi kocinsa, ya tako taku uku zuwa waje. Madugunmu ya ga ƙofar, ya kutsa ta nan, dogonsu ya taso ya tare shi, sai madugun ya miƙa wa namu dogon da ke tsaye shi kaɗai a ƙarƙashin kwando.